Ranar da Takalmin Girgiza-Ƙasa Ya Daina Kuka

"Ni fa Allah ya yi mini kwarjini. Tunda na fara aiki ban taɓa shiga ɗaki na tarar da ma'aikaci a zaune ba!"

Wannan ita ce waƙar mijin yayata, safe da yamma. In ka gaishe shi, da ita zai amsa. In ka tambaye shi lokaci, sai ya bi ta kanta kafin ya duba agogo. Shi ne shugaban sashen zuba sabulu a kwali a kamfanin da nake tuƙa motar kaya, kuma shi da kansa ya raɗa wa kansa suna Girgiza-Ƙasa. Gajere ne, mai tumbi, ga gashin baki da yake yawan shafawa kamar an ce za a ƙwace masa.

Abin haushin, abokina, gaskiya yake faɗa. Duk sanda ya buɗe ƙofar zauren aiki, hannu ne kawai ke tashi yana sauka, kwali na cika, kowa ya sunkuyar da kai. Abin da bai sani ba shi ne, kwarjinin nan ba a fuskarsa yake ba, a ƙafarsa yake.

Yana da wani takalmi sau-ciki, ruwan ƙasa, wanda ya saya da albashinsa na farko. Da shi ya fara zuwa gidanmu neman yayata, da shi ya karɓi kowane ƙarin girma. Yana son takalmin nan so na haƙiƙa, ba na wasa ba. Na sha ganinsa yana goge shi da gefen rigarsa in ya zaci ba mai kallo. To takalmin kuka yake yi. Na dama ya ce ƙiiƙ, na hagu ya amsa ƙaaƙ. Daga ofishinsa da ke sama zuwa zauren aiki akwai matakalar ƙarfe da wani dogon lungu, kuma tun daga matakin farko ake jin tahowarsa. Kafin ya iso, mai barci ya farka har ya wanke fuska. Shi kuwa bai taɓa jin kukan ba, domin mutumin da bakinsa ba ya hutawa yaushe zai ji ƙafarsa. A bayan idonsa ba mai ce masa Girgiza-Ƙasa. Gyare ake kiransa.

Ana nan sai manajan kamfanin ya ce zai yi ritaya. Mai kamfani, wata dattijuwa mai tabarau da ba ta son yawan magana, ta aiko cewa za ta zo da kanta ta ga yadda kowane shugaban sashe yake riƙe da mutanensa, sannan ta zaɓi sabon manaja. Mutum biyu ne a layi: mijin yayata, da mataimakinsa, wani siririn bawan Allah da ko kaza ba ta matsa masa a hanya. Mijin yayata ya sa masa suna Sanyi-Ƙalau.

"Wai ni za a gwada da Sanyi-Ƙalau?" in ji shi, yana cin abinci a gida. "Mutumin da in ya yi tsawa sai an ce ya maimaita? Kujerar nan tawa ce. Ke, fara koyon zama matar manaja."

Yayata ta ce, "To Baban yara, sai ka fara koya wa takalminka rufe baki."

Ya duba ƙasa. Na daman ya wage baki, ƙasan ya rabu da saman, har yatsan safa na leƙowa. Sai da ya ajiye cokali.

"Ka sayi sabo mana," in ji ta.

"Sabo? Ki ce in sayi sabuwar ƙafa kawai! Wannan takalmin da ni za mu shiga ofishin manaja, ko kuwa kada kowa ya shiga."

Washegari ni na kai shi wurin badukun da ke da rumfa kusa da ƙofar kamfani. Dattijo ne mai yatsu kamar saiwa, rumfarsa cike da warin fata da gam, takalma a jere har rufi. Ya karɓi takalmin hannu biyu, ya juya shi, ya lanƙwasa, ya kai kunne.

"Fata ce mai kyau," ya ce. "Irinta ta yi wuya yanzu. Saman zai ƙara shekaru, ƙasan ne ya gama aikinsa. Sai dai ina da tambaya, ranka ya daɗe. Kukan nan da yake yi, a bar shi ko a cire?"

"Wane kuka?"

"Fata biyu ce a ƙasan, sun bushe suna gogar juna. Shi ya sa yake kuka in an taka."

Mijin yayata ya kumbura. Akwai mutane a rumfar suna jiran gyara, har da wasu mata biyu, kuma shi in ya ga taro sai ya ƙara tsawo.

"Malam, takalmina ba ya kuka. Waɗanda ya nufa su ne suke kuka! Ka mayar mini da shi kamar ranar da na saye shi, kada ka bar komai na tsufa a jikinsa. Kuma ka yi a hankali, don na san aikin fata. Da na so, da ni ne a wannan rumfar."

"To madalla. Tsohon ƙasan fa, za ka tafi da shi? Akwai sauran amfani a jikinsa."

"Ni da tarkace? Manajan gobe? Ka ba mabukata, sadaka na yi."

Ya juya ya ga ko matan sun ji. Sun ji.

Gaskiya a faɗe ta, badukun nan gwani ne. Duk sanda na wuce da mota sai na leƙa in ga inda aka kwana. Ya farke tsohon ɗinkin zare bayan zare, bai yaga ko gefe ba. Ya yanka sabuwar fata daidai sawun, ya bi tsofaffin hujojin da basilla don kada ya ƙara wa takalmin rauni. Ya cike dunduniyar da ta zaizaye, ya jiƙa saman da mai har tsagar da ke wurin lanƙwasa ta kwanta, ya goge shi har kana iya ganin haƙoranka a ciki. Ranar da muka je karɓa, mijin yayata ya riƙe takalmin ya yi shiru. Ban taɓa ganinsa ya yi shiru ba sai ran nan. Idonsa ya kawo ruwa, ni ma sai da tausayinsa ya kama ni.

"Haka yake ranar da na je gidanku," ya ce mini a hankali. Sai kuma ya tuna da kansa, ya gyara murya. "Ai ni na nuna masa yadda zai yi."

Ya zura ƙafa, ya nufi kamfani yana taku ɗai-ɗai. Na bi shi a baya, domin kunnena ya riga ya gaya mini yau akwai kallo. Ya sauko matakala shiru. Ya ratsa lungu shiru. Ya tura ƙofa.

Abokina, kasuwa ya tarar. Wani ya shimfiɗa kwalaye yana sharar barci da hula a fuska. Mata biyu suna kitso. Can gefe ana karta a kan akwatin sabulu. A tsakiya kuwa wani dogon ma'aikaci ya cusa tsumma a riga ya yi tumbi, ya manna baƙin tef a ƙarƙashin hanci, yana tafiya yana cewa da baki, "Ƙiiƙ! Ƙaaƙ! Ni fa Allah ya yi mini kwarjini!" Jama'a na ta faɗuwa da dariya, wata na cewa, "Wallahi Gyare sak!"

Dogon ya juyo, suka yi ido huɗu. Ya cire tef ɗin a hankali, ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ji ka ba."

"Wane ne Gyare?" in ji mijin yayata.

Mai barcin ne kawai ya juya ya gyara kwanciya.

Kana zaton ya gane? Ina! A mota da muke komawa gida ya warware mini zancen. "Makirci ne. Sanyi-Ƙalau ne ya haɗa su don ya ɓata mini suna kafin dattijuwar ta zo. Irin waɗannan masu shiru-shirun ai su ne macizai."

Muka isa gida, ya buɗe ƙofa ya shiga falo ba tare da kowa ya ji ba. Ga yayata a kan kujerarsa, wadda ya hana kowa zama, ta miƙe ƙafa a kan tebur, tana kallon fim, tana shan shayi a kofinsa. Shekara da shekaru in ya dawo a kicin yake samunta, talabijin a kashe.

"Innalillahi!" Ta dafe ƙirji. "Baban yara, aljani ka zama? Ina kukan?"

"Ke ma?"

Ta ga ba wurin ɓuya, sai ta gyara zama. "Tun daga bakin titi nake jinka. Har na san in ranka a ɓace yake, don na hagun ya fi ƙara. Yaran nan da kake alfahari kullum ka same su da littafi a hannu, ka taɓa lura wani lokacin littafin a juye yake?"

Ya zauna a ƙaramar kujera, tunda tasa da mutum a kai. Ya daɗe yana kallon takalmin.

Da sassafe ya dira a rumfar baduku.

"Ka mayar mini da kukana!"

"Ai ka ce ba ya kuka, ranka ya daɗe."

"Yanzu na ce yana yi! Ka sa masa."

Baduku ya girgiza kai. "Gyara na koya, ban koyi ɓatawa ba. Wancan kukan shekaru ne suka yi shi. Ka ci gaba da takawa, in Allah ya ja kwana wataƙila ya dawo kafin jikokinka su yi aure."

"To ba ni tsohon ƙasan a mayar."

"Wanda ka yi sadaka da shi? Ai tun ranar na sa wa wani bawan Allah da nasa ya huje."

"Wane ne?"

"Ba na tona asirin ƙafar mutane."

Daga nan dabaru suka fara. Ta farko tari. Yana sauko matakala sai ya fara kakari kamar tsohuwar mota, don a ji shi daga nesa. Kwana biyu abin ya yi aiki. A na uku muryarsa ta dushe, ma'aikaciyar jinyar kamfani ta tare shi a lungu ta ce ba zai shiga wurin sabulu da wannan tarin ba sai an duba ƙirjinsa. Yini guda ya yi a asibiti ana ce masa ya ja numfashi.

Ta biyu makullai. Ya tattaro duk makullin da ke gidan, har na akwatin da ya ɓace tun ina yaro, ya rataya a ƙugu. Nauyinsu ya ja wandon ƙasa, sai da ya riƙa tafiya hannu ɗaya a ƙugu. Ma'aikata kuma suka zaci mai gadi ne, wanda suka saba aika ya sayo musu lemo. Yana tura ƙofa wata ta ce, ba ta ko ɗago ba, "Baba mai gadi, mai sanyi za ka kawo mini."

Ranar hutu da rana na je gidan na same shi a tsakar gida, jikarsa na ta kuka a bayan yayata. A gabansa ga agwagwar robar yarinyar, irin wadda in an matsa take ƙara, an farke mata ciki da wuƙa. Ya ciro 'yar usur ɗin da ke ciki, ya cusa a ƙarƙashin shimfiɗar takalmin dama, daidai dunduniya.

"Kai direban banza, zo ka ga abin da baduku ya kasa," ya ce mini. Ya miƙe ya taka.

Fiiit.

"Yaya ka ji?"

Ni kuwa me zai sa in ɓata wa kaina kallo? Na ce, "Yaya, wannan ai ya fi na da. Na da tsoro kawai yake ba mutane, wannan har tsikar jiki yake tayarwa."

"Ka ga mai hankali! Dattijuwar sai jibi za ta zo. Gobe zan yini ina zagaye, kunnuwansu su saba. Jibi kuwa sai dai a kawo mini makullin ofis."

Yayata ta ce, "Baban yara, ka ji tsoron Allah, ka biya yarinya agwagwarta."

"Manaja zai saya mata garke!"

Dattijuwar ba ta jira jibi ba. Ashe ɗabi'arta ce ta faɗi rana ta zo kafin ranar. Da safe ina sauke kaya sai ga ta ta shigo ita kaɗai da jakarta, ta hau sama. Ba a jima ba suka fito tare da mijin yayata, yana mata bayani da hannu da ƙafa. Na ajiye abin da nake yi na bi su, don irin wannan ba a ba ka labari.

"Ranki ya daɗe, yanzu za ki gani da idonki. Ni ba na tsawa, ba na duka. Shiga kawai nake yi."

Fiiit. Fiiit.

Ta tsaya a tsakiyar matakala, ta dube shi ta saman tabarau. "Cikinka lafiya?"

"Lafiya ƙalau, ranki ya daɗe. Ƙarfen matakalar ne."

Suka sauka daga ƙarfe suka shiga lungun siminti. Fiiit. Fiiit. Ta matsa gefe kaɗan, ta ciro hankici. Suna dab da ƙofa sai muryar wata mata ta fito daga ciki: "Wai wace ce ta kawo jariri wurin aiki? Ku kama shi kada ya ci sabulu!"

Ya tura ƙofar da ƙarfi. Ga mai barci a kan kwalayensa, ga kitso an kai rabi, ga karta. Ba wanda ya san fuskar dattijuwar a cikinsu, sai suka tsaya suna kallo baki buɗe.

"Ku tashi!" Ya buga ƙafa a ƙasa. Fiiit!

Wani ya toshe baki.

"Wa ya yi dariya?" Fiiit! "Ni kuke wa dariya?" Fiiit! Fiiit! "Ni Girgiza-Ƙasa?" Fiiiiit!

Zauren ya fashe. Dogon nan ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki. Mai kitso ta saki kan da take yi tana share hawaye. Duk sanda ya ƙara fusata sai ya ƙara buga ƙafa, duk sanda ya buga sai agwagwa ta amsa.

Sai daga can saman matakala aka ji wani sauti.

Ƙiiƙ. Ƙaaƙ.

Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Jikinsu ne ya tashi kafin hankalinsu. Karta ta ɓace, mai barci ya miƙe tsaye da kwali a hannu, mai rabin kitso ta ɗaura ɗankwali tana zuba sabulu. Kafin sautin ya ƙare lungu, ba ka jin komai sai motsin aiki. Suna yi suna satar kallon mijin yayata, suna mamakin yadda Gyare yake tsaye a gabansu kuma yana tahowa daga waje.

Ƙofa ta buɗe a hankali. Sanyi-Ƙalau ne, da kofin shayi a hannu, yana tafiya a tsanake don kada ya zube. "Salamu alaikum," ya ce, da muryar da sai ka matso za ka ji. "Sannunku da aiki."

Dattijuwar ta cire tabarau ta goge, ta mayar. "Wannan shi ne kwarjini," ta ce. "Tun bai shigo ba."

"Nawa ne!" Mijin yayata ya yi kukan kura ya nuna ƙafar mutumin. "Ranki ya daɗe, kukana ne! Kukana ne a ƙafarsa! Ya sace mini abina!" Fiiit!

Sanyi-Ƙalau ya duba takalminsa, ya yi murmushi. "Au, wannan? Nawa ne ya huje, ban zo da shi ba sai yau. Baduku ya ce wani babban mutum ne ya bar ƙasan sadaka ga mabukata. Ban san ko wane ne ba, amma kullum ina sa shi a addu'a."

Dattijuwar ta juyo wurina. "Kai direba ne? Ka kai wannan bawan Allah gida ya huta. Ga ciki, ga kuma kai."

Muka shiga mota. Ya cire takalmin ya ɗora a cinya, yana ƙyalli kamar sabo, ya zaro 'yar usur ɗin ya jefar ta taga. Da muka isa, yayata ta dubi fuskarsa, ta tashi ta ba shi kujerarsa.

Sanyi-Ƙalau ya zama manaja. Mutumin kirki ne, bai taɓa kowa ba, ya bar mijin yayata a kan muƙaminsa. Har yau takalmin nan ruwan ƙasa shi mijin yayata yake sawa, yana goge shi kullum, yana zagaye gida da shi da yamma wai ko kukan zai yi saurin dawowa.

Kwanan baya na shiga ofishinsa karɓar makullin mota. Na same shi ya jingina, ƙafa a kan tebur, jarida a fuska, yana minshari. Ina shirin tayar da shi sai daga lungu aka ji ƙiiƙ, ƙaaƙ. Ban san mai tumbi yana iya tsalle haka ba. Kafin in ƙifta ido yana tsaye, biro a hannu, ya ɗauki waya yana ba da umarni, wayar ma ba a haɗe take ba.

Manaja ya leƙo, ya dube shi cike da jin daɗi, ya juyo wurina.

"Ka ga surukin nan naka? Ya kamata kowa ya yi koyi da shi. Tunda na zama manaja ban taɓa shigowa na tarar da shi a zaune ba."